Tambaya da Amsa: Auna 'Yan Wasa a Share Fagen Besbol na Kwamfuta

Wasiƙun da suka iso filinmu a wannan mako sun karkata ga wasan da ba a saba jin muhawararsa a gidajen kallon ƙwallo na Kawo ko Tudun Wada ba, wato besbol, kuma ba wanda ake bugawa a fili ba, wanda ake tafiyarwa a kwamfuta. Saboda masu karatun da ba su san wasan ba, ga shi a taƙaice: mai jifa yana jefo ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin dukanta da sanda domin ya ruga zango na farko, kuma duk wanda ya zagaye zangon nan huɗu ya dawo gida ya ci wa kulob ɗinsa maki ɗaya. Ana yin zagaye tara a wasa, kuma kowane ɓangare yana ci gaba da bugu har sai an fitar masa da mutum uku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, kuma ni da abokaina mun kafa gasa a wasan kwamfutar nan mai suna Out of the Park Baseball, inda kowannenmu yake riƙe da kulob ɗaya. Mun kammala wasannin share fage, yanzu sai zaɓen waɗanda za su fara kakar wasa. Ina da wani matashi ɗan shekara 22 wanda ya yi bugu mai kyau 19 (wato bugun da ya kai shi zango ba a fitar da shi ba) a fitowa 50 (wato sau 50 da ya fito gaban mai jifa), ina kuma da wani tsohon hannu ɗan shekara 31 wanda ya yi 9 kacal a fitowa 48, duk da cewa matsakaicinsa na tsawon shekaru ya kai .270 (wato bugu mai kyau 270 a kowace fitowa 1,000) a fitowa kusan 3,000. Ni dai ina ganin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, don haka na yi niyyar sallamar dattijon in ba yaron gurbinsa. Mene ne shawararka? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ita ce ka dakata da wannan sallama, domin abin da ka gani a fitowa 50 bai kai ya gaya maka komai game da gwanintar ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma zan nuna maka dalili da lissafi.

Bari mu fara da abin da wasannin share fage suke nufi a asalinsu, tunda wasan kwamfutar da kuke bugawa, wanda wani Bajamushe mai suna Markus Heinsohn ya fara fitarwa a 1999, tsarin babbar gasar besbol ta Amurka yake bi sau da ƙafa. A can akwai kulob 30, kuma kowanne yana buga wasa 162 a kaka ɗaya. Kafin a shiga wannan dogon zango, kulob 15 suna yin sansani a jihar Florida, sauran 15 kuma a jihar Arizona, daga tsakiyar watan Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, inda kowanne yake buga wasanni wajen 30. Ɗan wasan da yake da tabbacin gurbi ba ya buga dukkansu, kuma ko ya shiga, sau da yawa bayan fitowa biyu ko uku ake cire shi a saka yaro. Shi ya sa da wuya ka ga wanda ya wuce fitowa 60 ko 70 a share fage, alhali a cikakkiyar kaka yakan yi fitowa 500 zuwa 600.

Yanzu ga lissafin. A ce akwai mai bugu wanda ainihin ƙarfinsa .250 ne, wato a kowace fitowa huɗu yana dacewa da ɗaya, kuma wannan ya yi kusa da matsakaicin gasar baki ɗaya, wanda a 2023 ya tsaya a .248. Idan ka ba shi fitowa 50, abin da ake tsammani shi ne bugu 12 ko 13, amma sa'a kaɗai tana iya ƙara masa uku ko ta rage masa uku ba tare da wani abu ya canza a jikinsa ba, kuma a wasu lokuta takan kai shi har 19 ko ta saukar da shi zuwa 6. Damar da irin wannan matsakaicin ɗan wasa yake da ita ta yin 19 ko fiye a fitowa 50 ta kai kusan 3 cikin 100. Za ka ce ai wannan kaɗan ne, to amma ka tuna cewa ɗaruruwan masu bugu ne suke shiga share fage a gasarku, don haka dole ne kowace shekara a sami waɗanda sa'a za ta ɗaga sama, kuma idon mai kulob a kansu yake sauka. Shi kuwa dattijonka mai .270, damar da yake da ita ta faɗowa zuwa 9 ko ƙasa da haka a fitowa 48 ta kai kusan ɗaya cikin takwas, abin da ke nuna cewa irin wannan sanyin hannu yana samun lafiyayyun 'yan wasa a kai a kai. Idan ka haɗa waɗannan fitowa 48 da 3,000 ɗin da ya riga ya yi, matsakaicinsa zai sauka ne daga .270 zuwa .269, kuma iyakar nauyin da ya kamata ka ba share fagensa ke nan.

Tarihin wasan na gaskiya ma ya tabbatar da haka. A share fagen 2018, Shohei Ohtani, wanda ya taso daga Japan ya shiga kulob ɗin Los Angeles Angels, ya yi bugu 4 ne kacal a fitowa 32, har wasu masana suka fara cewa a tura shi ƙaramar gasa ya ƙara koyo, amma da aka shiga kaka sai ya yi .285, ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 22, aka kuma ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa na rukuninsa. A ɗaya gefen, Jake Fox na Baltimore Orioles ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 10 a share fagen 2011, amma a kakar da ta biyo baya sau 2 kawai ya yi. Akwai kuma Kris Bryant na Chicago Cubs, wanda ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 9 a share fagen 2015 kuma daga baya ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na wannan shekarar, sai dai dalilin yarda da Bryant ya riga share fagen zuwa, domin a 2014 ya tsallakar sau 43 a ƙananan gasanni. Wannan shi ne abin da nake so ka bincika game da yaronka: me ya yi a ƙaramar gasa a bara da bara waccan, a fitowa 400 ko 500? Idan a can ma yana haskakawa, to share fagen ya zo ne ya ƙara wa shaida ƙarfi. Idan kuwa a can .230 yake yi, to makonni biyar na Maris ba su isa su share shekaru biyu ba.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da wasan kwamfuta, wanda ya sa hukuncinka ya fi na kocin gaske sauƙi. Kwamfuta ba ta san zafin hannu ko ƙarfin zuciya irin yadda muke fassara su ba. Kowace fitowa tana fitar da sakamakonta ne daga makin gwanintar da ta ajiye wa mai bugu da mai jifa, sannan ta haɗa da ƙuri'a. Ke nan ainihin ƙarfin ɗan wasa yana nan a rubuce, kuma rahoton mai farauto maka 'yan wasa ƙoƙari ne na hango wannan rubutu. Yawancin masu wasan suna amfani da ma'aunin 20 zuwa 80, wanda masu farautar 'yan wasa na gaskiya suke amfani da shi, inda 50 take nufin matsakaicin ɗan babbar gasa, 60 ta fi matsakaici, 80 kuma sai gwanin gwanaye. Ka buɗe shafin kowannensu ka duba makin dacewa da ƙwallo, da na ƙarfin bugu, da na ido, wato iya bambance jifa mai kyau da marar kyau. Ka kuma lura cewa lamba biyu ake nunawa, ta yanzu da ta inda ake sa ran zai kai, kuma kuskuren da sababbin masu wasa suka fi yi shi ne su ruɗu da ta biyun. Yaron da yake da 40 a yau kuma ake sa ran zai kai 65, a wasan gobe ɗan 40 ne. Rahoton ma yana iya yin kuskure, gwargwadon ƙwarewar wanda ka ɗauka aiki da kuma yadda kuka saita daidaiton rahotanni a gasarku, amma kuskurensa bai kai na fitowa 50 ba.

Dattijon kuma shekara 31 ba tsufa ba ne sosai, ko da yake daga nan ne gangara take farawa ga da yawa. Idan ka ga makinsa na yanzu ya ragu daga abin da yake a bara, wannan hujja ce ta gaske ta rage masa wasa. Idan makin yana nan daram, ka bar shi a gurbinsa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Idan haka ne, ashe babu wani amfani a duba alƙaluman share fage? Ina da mai jifa wanda aka ci maki 10 daga hannunsa a zagaye 12, matsakaicinsa (wato makin da ake ci daga hannunsa a kowane zagaye tara) ya tashi 7.50, amma ya fitar da masu bugu 15 da jifa (wato da jifa uku masu kyau da suka kasa bugawa), ya ba da zangon kyauta (wato mai bugu ya wuce zango na farko ba tare da bugu ba saboda jifa huɗu marasa kyau) sau 3 kawai. Shin in cire shi daga cikin masu jifa biyar ɗin da suke fara wasa bi da bi? Daga wani ma'aikaci, Barnawa.

AMSA: Barka kadai, Malam. Akwai amfani, sai dai alƙaluman ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ka yi dace da ka aiko da waɗanda suka fi nauyi. Wani mai bincike a Amurka mai suna Russell Carleton ya yi aiki a kan tambayar nan ta yawan fitowar da ake bukata kafin kowane irin alƙalami ya fara faɗin gaskiya, wato kafin gwaninta ta kai rabin abin da ake gani, sauran rabin ya zama na sa'a. Ga mai bugu, yawan fitar da shi da jifa uku yana kaiwa wannan matsayi a wajen fitowa 60, yawan samun zangon kyauta a wajen 120, amma matsakaicin bugu, wanda kowa ya fi kallo, sai an haura fitowa 900, wato fiye da kaka ɗaya da rabi. Ga mai jifa, yawan waɗanda yake fitarwa da jifa yana bayyana bayan ya fuskanci masu bugu wajen 70, yawan zangon kyautar da yake bayarwa bayan wajen 170, amma rabon ƙwallayen da aka buga cikin fili da suke zama bugu mai kyau sai an tara wajen 2,000.

Wannan na ƙarshe yana da labari. A 2001 wani mai nazari mai suna Voros McCracken ya wallafa binciken da ya girgiza masana wasan, inda ya nuna cewa da zarar sanda ta taɓa ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai biyo baya kaɗan ne ƙwarai. Masu tsaron fili da sa'a ne suke da rinjaye, kuma kusan kowane mai jifa, gwani da wanda ba gwani ba, wajen kashi 30 cikin 100 na irin waɗannan ƙwallaye ne suke kuɓuce masa idan aka yi dogon zango. Abin da yake hannunsa da gaske uku ne: fitarwa da jifa, ba da zangon kyauta, da barin a tsallakar masa da ƙwallo bayan katanga. Daga baya an yi wa wannan ra'ayi gyare-gyare, amma gindinsa yana nan, kuma injin wasan da kuke bugawa ya yi la'akari da shi.

Idan muka auna mutuminka da wannan, a zagaye 12 ya fuskanci masu bugu kusan 55, ya fitar da 15, wato kashi 27 cikin 100, alhali matsakaicin babbar gasa a 'yan shekarun nan yana tsakanin 22 da 23. Zangon kyauta 3 ma ba laifi. Maki 10 ɗin kuwa, ka koma ka duba yadda aka ci su wasa bayan wasa, domin a zagaye 12 mummunan zagaye ɗaya ya isa ya ɓata lissafi duka: idan 5 daga ciki a zagaye ɗaya aka ci, to a sauran zagaye 11 matsakaicinsa 4.09 ne, wanda ba abin kunya ba ne. Ka duba kuma su wane ne suke tsaye a bayansa lokacin, saboda a share fage ana yawan cika fili da yaran da ba za su ga babbar gasa ba a bana, kuma ƙwallon da gwanin mai tsaro zai cafke cikin sauƙi ita ce take wuce su. Shi ma Ohtani da na ambata, matsakaicinsa na jifa a wancan share fagen 27.00 ne a ƙasa da zagaye uku, sannan a kaka ya yi 3.31 a wasanni 10. Ni a ganina ka bar mutuminka a cikin biyar ɗin, sai fa idan makinsa na saitin jifa ko na juriya ya ragu a sabon rahoto.

TAMBAYA: Malam, to me ya sa ba za mu tsallake share fagen gaba ɗaya ba, tunda cin lokaci ne kuma har rauni 'yan wasa suke ji? Daga wata ɗaliba, Malali.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ku tsallake shi, domin yana da ayyukan da ba na auna gwaninta ba. Wasan yana ɗora wa 'yan wasa wani irin tsatsa bayan hutun watanni, kuma buga share fage ne yake kankare shi, don haka wanda bai samu isasshen wasa ba yakan shiga kaka da nauyin jiki. Shi ne kuma lokaci mafi arha na koya wa mutum sabon gurbi, misali mai tsaron zango na biyu ya koyi tsaron bayan fili, tunda kurakuran da zai yi a Maris ba sa shiga teburin gasa, kuma kulob mai kujeru huɗu kacal a benci yana matuƙar bukatar wanda zai iya tsayawa a wuri biyu ko uku. Game da rauni kuwa, ki duba bayanin lafiyar kowane ɗan wasa. Wanda aka rubuta cewa jikinsa ba ya jure wahala, ki taƙaita masa wasa, ki kuma sa wa masu jifa iyakar yawan jifa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan kamar yadda kulob na gaskiya suke yi, inda mai fara wasa yakan soma da zagaye biyu ya ƙare da biyar ko shida.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, gurbi ɗaya ya rage mini a jerin 'yan wasa, kuma mutum biyu ne suke nemansa, makinsu kusan ɗaya, alƙalumansu na bara ma kusan ɗaya. A nan ma ba zan duba share fage ba? Daga wani mai shagon gyaran waya, Rigasa.

AMSA: Allah ya ba da kasuwa. A irin wannan hali kana iya dubawa, amma akwai abin da ya kamata ka fara dubawa kafin shi, wato dokokin jerin 'yan wasa, waɗanda su ne suke yanke mafi yawan irin wannan hukunci a babbar gasa, ko da yake 'yan kallo ba su cika lura da su ba. Kulob yana shiga kaka da mutum 26, kuma masu jifa ba za su wuce 13 ba a cikinsu. Bayan wannan akwai babban jeri na mutum 40, wanda ya ƙunshi 26 ɗin da wasu da aka ajiye a ƙananan gasanni. Duk wanda aka saka a jerin 40 yana da shekaru uku da kulob zai iya saukar da shi ƙaramar gasa ya kuma dawo da shi ba tare da neman izinin kowa ba. Idan waɗannan shekaru suka ƙare, ba a saukar da shi sai an fara tallata shi ga sauran kulob, kuma duk wanda yake so yana iya ɗauke shi. Wanda ya cika shekara biyar a babbar gasa kuwa yana da ikon ƙin sauka, kuma idan ka sallami mai tabbatacciyar kwangila, albashinsa yana nan a wuyanka har ta ƙare.

Saboda haka tambayar farko ita ce wanne daga cikin biyun ne za a iya saukarwa ba tare da an rasa shi ba. Idan ɗaya yana da sauran shekarun saukarwa, ɗayan kuma nasa sun ƙare, ka riƙe wanda nasa suka ƙare a sama, ka tura ɗayan ƙasa ya ci gaba da buga wasa kullum. Ta haka mutum biyu suna hannunka, kuma a kaka mai wasa 162 babu makawa wani zai ji rauni kafin watan Yuni, ka bukaci na biyun. Idan ka yi akasin haka saboda bugu biyar ko shida da wani ya fi wani a Maris, kana iya wayar gari wani abokin gasarka ya ɗauke maka ɗan wasa a banza. Wannan ma ya shafi mai tambaya ta farko: yaronsa ɗan shekara 22 kusan tabbas yana da sauran shekarun saukarwa, dattijon kuwa da alama ba shi da su, kuma yaro mai tasowa ya fi ƙaruwa da fitowa huɗu kullum a ƙaramar gasa fiye da zaman benci a babba.

Tambaya ta biyu ita ce wanne ne ya fi cike giɓin da kake da shi. Idan yawancin masu bugunka na dama ne, ɗan hagu ya fi maka amfani a benci, saboda masu bugu sun fi jin daɗin fuskantar mai jifa da hannun da ya saɓa wa nasu ɓangaren. Idan mai tsaron tsakiyar filinka mai yawan jinya ne, ka ɗauki wanda zai iya tsayawa a wurinsa. Sai idan duk waɗannan sun zo daidai ne za ka koma ga share fage, kuma ko a nan ka bar matsakaicin bugu a gefe, ka ƙirga sau nawa aka fitar da kowannensu da jifa da sau nawa ya samu zangon kyauta, ka kuma duba ko da manyan masu jifa ya kara a farkon wasa ko da yaran da ake sakowa daga zagaye na bakwai. Wanda aka fitar sau 6 a fitowa 55 ya nuna maka abin da wanda aka fitar sau 20 bai nuna ba, ko da na biyun ne ya fi yawan bugu. Bayan ka yanke hukunci, ka sa wa kanka wa'adi zuwa ƙarshen watan Mayu, lokacin da kowannensu zai tara sababbin alƙaluma, na sama a babbar gasa, na ƙasa kuma wajen fitowa 200 a ƙaramar, sannan ka nemi sabon rahoto a kansu duka biyu ka sake auna su.